Muryar Mai Jego Da Na'urar Da Ba Ta Jin Hausa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san doguwar gaisuwarmu tana da aikin da take yi. Idan dattijuwa ta tsare ka da ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya iyali, ta riga ta san "lafiya lau" za ka ce ko da ciwo yana cin ka. Abin da take saurare shi ne yadda kalmar ta fito: da ƙarfi ko a sanyaye, a numfashi ɗaya ko sai da ka yanke ka ja iska. Shi ya sa uwa kan kira 'yarta da ke gidan aure, su gama waya cikin raha, tana kashewa ta ce wa maigida, "Yarinyar nan ba ta da lafiya, na ji muryarta wani iri." Sau da yawa kuma sai a je a tarar haka ne.

Wannan kunne na iyaye mata shi ne masana a Amurka da Isra'ila suke ƙoƙarin dasa wa wayar salula. Manufarsu ita ce mutum ya yi magana ta rabin minti, manhaja mai ƙirƙirarriyar basira ta tsettsefe sautin, ta faɗi ko zuciyarsa tana cikin haɗari. Ni ba likita ba ne. Ilimin furuci da tsarin sauti nake koyarwa a jami'a, kuma dangina manoma ne a yankin Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, arewa maso gabashin birnin Kano. Ta waɗannan fuskoki biyu nake duban lamarin: shin na'urar za ta fahimci muryar Bahaushe, kuma idan ta fahimta, me zai biyo baya a ƙauyen da ta yi gargaɗin?

Sauraren jikin majinyaci tsohon abu ne a likitanci. A 1816 likitan Faransa René Laennec ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin wata majinyaciya, daga nan aka sami abin sauraron ƙirji da likitoci ke ratayawa a wuya har gobe. A 1897 kuma wani likita ɗan Ostiriya, Norbert Ortner, ya bayyana yadda wasu masu ciwon zuciya ke dishewa ba tare da mura ko ihu ba. Dalilin yana cikin yadda Allah Ya tsara jiki. Jijiyar da ke sarrafa tantanin maƙwallato na hagu ba ta miƙe kai tsaye daga ƙwaƙwalwa zuwa maƙogwaro ba. Sai da ta gangara cikin ƙirji, ta zagaye babbar hanyar jinin da ke fita daga zuciya, sannan ta dawo sama. Idan ɗakin zuciya na hagu ya kumbura, sai ya danne ta, murya ta dishe. Har yau da sunan Ortner ake kiran wannan lalura.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan yawa. Idan zuciya ta gaza harba jini yadda ya kamata, ruwa yakan taru a jiki: ƙafa ta kumbura, ciki ya ɗaga, huhu ya jiƙe. Tantanin maƙwallato nama ne mai laushi da ke kaɗawa sau ɗari zuwa ɗari biyu da ɗoriya a cikin daƙiƙa ɗaya, gwargwadon namiji ne ko mace. Ɗan ruwa kaɗan ya shige shi, nauyinsa ya sauya, kaɗawarsa ta sauya. Huhun da ya jiƙe kuma ba ya riƙe iska mai yawa, don haka jimla takan gajarce, tsayawa shan iska ya yawaita. Makaɗi ya san wannan: gangar da ta sha raɓa ba ta amo irin wadda ta sha rana. Kunnen mutum ba ya kama sauyin sai ya yi nisa. Fatan masu binciken shi ne kwamfuta ta kama shi tun yana ƙarami.

Binciken da ya fi yin amo shi ne na asibitin Mayo da ke Amurka, wanda aka gabatar a 2022. An ɗauki mutum 108 da aka turo domin duba jijiyoyin zuciyarsu, kowanne ya yi magana sau uku ta daƙiƙa 30: ya karanta rubutu, ya ba da labarin abin da ya faranta masa rai, sannan na abin da ya ɓata masa. Manhajar kamfanin Vocalis Health ta ba kowa maki, aka bibiye su kimanin shekara biyu. Cikin masu maki mai yawa, kashi 58 cikin ɗari sun koma asibiti da ciwon ƙirji ko wata matsalar jijiyoyin zuciya. Cikin masu maki kaɗan, kimanin kashi 31. Sai kuma manhajar HearO ta kamfanin Cordio Medical, wadda aka gwada a kan masu gazawar zuciya 416 a Isra'ila, aka bayyana sakamakon a 2023. Kowace safiya majinyaci yakan faɗi jimloli biyar a wayarsa, manhajar ta gwama muryar yau da muryarsa ta lokacin da yake cikin sauƙi. Ta hango kimanin kashi 70 cikin ɗari na taɓarɓarewar ciwon, kusan mako uku kafin ta kai ga kwanciya, tare da ƙararrawar ƙarya kamar uku ga kowane majinyaci a shekara.

Mako uku ba ƙaramin abu ba ne. A cikinsa likita zai iya ƙara maganin fitar da ruwa, mutum ya tsira daga gadon asibiti. Amma ya kamata mai karatu ya riƙe abu biyu. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kuma kamfanonin da ke son sayar da manhajar suna da hannu a ciki. Mai talla ba ya kushe hajarsa. Sannan masu binciken Mayo da kansu sun faɗa cewa mutanensu duk masu jin Ingilishi ne daga yanki guda na Amurka, kuma manhajar ba ta maye gurbin likita. Na Isra'ila sun yi magana da Ibrananci da Larabci da Rashanci da Ingilishi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan harsuna huɗu da ke bambanta ma'anar kalmomi da karin sauti kamar yadda Hausa ke yi, kuma a nan ne sana'ata ta shigo.

Ɗalibin aji ɗaya a sashen Hausa ya san cewa kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙe da wasulansu ɗaya ne. Karin sauti ne ya raba su, na farko sama-sama, ta biyu sama-ƙasa. Ya san gari na mazauni da gari na tuwo tsayin wasali ne ya bambanta su. A Ingilishi hawa da saukar murya yakan nuna tambaya ko mamaki ko ɓacin rai, don haka na'urar da ta koyi aiki a can tana iya ɗaukar yawan hawa da sauka a matsayin alamar wani abu a jikin mai magana. A Hausa kuwa nahawu ne kawai. Bahaushe mai ƙoshin lafiya dole muryarsa ta hau ta sauka a kowace gaɓa, sannan jimlarsa tana gangarowa a hankali daga farko zuwa ƙarshe, sautin sama na ƙarshen jimla ya zama ƙasa da na farkonta. Wannan gangara ɗabi'ar harshen ce. Na'urar da ba a koya mata haka ba tana iya karanta ta a matsayin gajiyar numfashi.

Matsalar da ta fi ɗaure mini kai ita ce ta baƙaƙenmu masu ƙugiya. Wani ƙaramin bincike da aka yi a babban asibitin Massachusetts a 2017, a kan majinyata 10, ya gano cewa ɗaya daga cikin abubuwan da ke sauyawa a muryar mai gazawar zuciya, yayin da ake janye masa ruwa, shi ne yawan ƙirƙir ɗin nan da ake ji idan tantanin maƙwallato ya matse yana kaɗawa a hankali. To, ɓ da ɗ da 'y duk da matse maƙwallato ake furta su, kuma matsewar takan shafi wasalin da ke kusa da su. Ƙ da ts kuwa sai an rufe maƙwallaton ruf kafin a tunkuɗo su. Idan mace ta ce "ɗan ƙaramin ɗana ya ɓata," ta cika jimlarta da irin sautin da wata na'ura za ta ƙirga a matsayin shaida. Duk wanda ya taɓa buɗe muryar Bahaushe a manhajar Praat, wadda muke amfani da ita a ɗakin gwaji, ya ga wannan da idonsa a kan allo. Ba na cewa matsalar ba ta warwaruwa. Tana warwaruwa idan an zaɓi jimlolin gwaji da sanin harshen, aka kuma horar da manhajar da muryoyin Hausawa masu ciwo da masu lafiya. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a fassara jimloli biyar na Ibrananci a ce an gama.

Ban ma taɓo karin harshe ba, yadda Basakkwace da Bakano da Bagumale kowa ke da nasa lanƙwasa, ko Bafulatanin da Hausa harshensa na biyu ne, alhali a Gabasawa da makwabtanta na Jigawa suna da yawa. Ban taɓo hunturu ba, lokacin da rabin gari ke tari da dishewa saboda ƙura, ko matar da ta wuni gaban murhu tana shaƙar hayaƙin kara, ko ladanin da ya yi shekara talatin yana ɗaga murya kafin alfijir. Kowanne daga cikinsu yana taɓa maƙogwaro ba tare da ya taɓa zuciya ba. Ta wannan fuska dabarar HearO ta gwama mutum da kansa ta fi dacewa da mu a kan dabarar ba shi maki bisa ma'aunin mutanen wata nahiya.

Sai dai ko da an warware batun harshe, akwai tambayar da ta riga shi: wane ciwon zuciya ake nema? Binciken Mayo a kan toshewar jijiyoyin zuciya ne, ciwon da ke kashe Turawa da yawa, wanda a wurinmu yana ƙaruwa a birane amma bai kai sahun gaba ba. Wani babban nazari da aka buga a 2012, na majinyata 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara har da Nijeriya, ya nuna hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin ɗari, lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta kimanin kashi 14, toshewar jijiyoyi kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Matsakaicin shekarun majinyatan 52 ne, wato suna tsakiyar ƙarfinsu, sun kusan shekara ashirin ƙasa da takwarorinsu na Turai. A ƙasa irin ta Zakirai, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin ko taki ɗaya ya huta, magidancin da haki ya hana shi yin huɗa a watan Yuni ya rasa abincin shekara ke nan.

Akwai kuma ciwon da ya zama namu fiye da na kowa a duniya, wato gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. A Amurka ana samunsa a haihuwa ɗaya cikin 1,000 zuwa 4,000. A Sakkwato, wani bincike na 2007 ya same shi a ɗaya cikin 102. Rajistar da Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, wadda ta tattara mata 406 daga asibitoci 22 na Nijeriya tsakanin 2017 da 2018, ta nuna fiye da kashi 70 cikin ɗari daga Arewa maso Yamma suke, kuma a Kano adadin ya kai ɗaya cikin 96. Da aka bibiyi 244 daga cikinsu na kimanin wata 17, kusan kashi 19 cikin ɗari sun rasu, kuma waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. Mafi yawansu mata ne masu ƙuruciya, da jarirai a bayansu.

Tarihin binciken wannan ciwo shi kansa abin karatu ne. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bibiyi mata 224, suka ɗora alhakin a kan al'adun jego: wankan ruwan zafi safe da yamma na kwana arba'in, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa, wanda ke cika jiki da gishiri ya sa ruwa ya taru. Shekara da shekaru wannan bayani ake koyarwa. Aikin Karaye da abokansa ya faɗaɗa hoton: rama da ƙarancin abinci mai gina jiki, hawan jinin ciki, rashin karatu da rashin abin yi, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, duk sun fito a matsayin abubuwan da ke tafiya tare da ciwon. Har sun gwada ba wasu majinyata seleniyam, aka ga alamun ciwon sun ragu. A nawa ganin, wannan ya sauke wa kakanninmu mata wani ɓangare na laifin ya mayar da shi kan talauci, kodayake babu likitan da zai ce wa mace mai kumburi ta ci gaba da shan kanwa.

Idan akwai wadda na'urar murya za ta yi wa rana a ƙasar Hausa, to mai jego ce. Alamun ciwon su ne haki, kumburin ƙafa, tari idan an kwanta, da kasala, kuma duk waɗannan mun saba ɗaukarsu a matsayin gajiyar haihuwa. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Idan haihuwar fari ce, kunya ta rufe mata baki; ba za ta ce wa surukarta numfashinta yana sarƙewa ba, don kada a ce ragguwa ce. Dauriya ita ce abin yabo. Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata a wani ƙauye gabas da Zakirai ta yi mako uku tana kwana a zaune, jingine da bango, domin idan ta kwanta sai ta ji kamar ana nutsar da ita. An yi mata hayaƙi, an yi rubutu, an sayo maganin tari a kemis, aka ƙara mata kunun kanwa wai don ta sami ƙarfi da ruwan nono. Ranar da aka yanke shawarar ɗaukar mota, ƙafafunta ba sa shiga takalmi. Allah Ya yi da sauran kwana, ta rayu, amma likita ya gargaɗe ta a kan sake ɗaukar ciki, tana da shekara ashirin da biyu. A cikin makonnin nan uku kusan kullum tana waya da 'yan'uwanta. Murya tana fita daga ɗakin da mai ita ba ta fita.

Wannan shi ne ƙarfin dabarar, kuma ba na raina shi. Ba ta buƙatar allura ko jini, ba ta buƙatar namiji ya taɓa jikin mace, ba ta buƙatar iya karatu idan an tsara ta da kyau. Saƙon murya na WhatsApp ya riga ya zama wasiƙar wanda bai yi boko ba. Wani ɗan Nijeriya ma, Charles Onu, ya kafa kamfanin Ubenwa a Kanada a kan irin wannan tunani, yana nazarin kukan jariri domin gano wanda ya rasa iska lokacin haihuwa. Amma a tuna cewa a gidaje da yawa na karkara wayar maigida ce, tana aljihunsa a kasuwa ko a gona, ta mace kuwa ƙaramar nan ce mai madannai, wadda layin sadarwa ke matse sautinta ya yanke sama da ƙasa kafin ya isa. Abin da manhajar ke nema yana iya kasancewa cikin abin da aka yanke.

Yanzu bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Mu ƙaddara an gwada masu jego 1,000, kuma bisa adadin Kano kimanin 10 ne ke da ciwon. Mu ƙaddara na'urar tana kama takwas cikin kowane goma masu ciwo, tana kuma wanke takwas cikin kowane goma masu lafiya, wanda a wannan fage ba mummunan sakamako ba ne. Za ta kama 8 daga cikin 10, ta saki 2 da albishir ɗin ƙarya. Daga cikin 990 masu lafiya kuwa za ta tsorata 198. Wato mata 206 za a ce wa su tafi a ɗauki hoton zuciyarsu, alhali 8 ne kawai ke da ciwon. A London ko Rochester wannan ɓata yini ɗaya ne. A Gabasawa, ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum fiye da 210,000, kowace ɗaya daga cikin 198 ɗin nan kuɗin mota ce zuwa Kano da dawowa ita da mai rakiya, da kuɗin kati da na gwaji, wataƙila da akuya ko buhun gyaɗa da aka sayar. Idan aka yi haka sau biyu aka dawo da "ba komai," karo na uku ba wanda zai motsa, ko da wannan karon gaskiya ne. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan na 1996 ba, kuma mun ga yadda rashin yarda ya dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Yarda a wurinmu tsada gare ta.

Tun 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa sharuɗɗan tantance cuta na Wilson da Jungner, kuma biyu daga cikinsu sun isa nan: dole a sami wurin tabbatar da ciwon, dole a sami maganinsa. Gargaɗin da ba a tanadi abin da zai biyo bayansa ba ƙarin tashin hankali ne kawai. Masu hoton zuciya da likitocin da suka ƙware a kanta sun taru ne a birni, can ma ba su wadata ba, kuma kowa ya san yadda ƙasashen waje ke kwashe su. Maganin fitar da ruwa da na hawan jini ba su da tsada idan aka gwama da na wasu cututtuka, amma na kullum ne, kuma "kullum" kalma ce mai nauyi ga wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, da kaka.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne an riga an gwada ɗan'uwan wannan dabara a ƙasarmu, kuma ta hanyar da ta dace. Tsakanin 2022 da 2023 masu bincike daga Mayo, ƙarƙashin Dakta Demilade Adedinsewo, tare da likitocin Nijeriya, sun gwada abin sauraron ƙirji na zamani mai ƙirƙirarriyar basira a kan mata masu ciki da masu jego kusan 1,200 a asibitoci shida, ciki har da na Malam Aminu Kano da na Rasheed Shekoni da ke Dutse. An raba matan gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A rukunin da aka yi amfani da na'urar an gano raunin zuciya a kashi 4.1 cikin ɗari, a rukunin kulawar da aka saba kuwa kashi 2. Mujallar Nature Medicine ta buga sakamakon a 2024. Na'urar ta ninka abin da ake ganowa, kuma wannan yana nufin rabin masu ciwon suna wucewa ta hannun ma'aikatan awo ba a lura ba, a manyan asibitoci ma ke nan. Wannan na'ura bugun zuciya take saurare kai tsaye, ba ruwanta da karin sauti ko baƙi mai ƙugiya. Idan aka ce in zaɓa wa cibiyar lafiya ta matakin farko a Gabasawa abu ɗaya a bana, ita zan zaɓa kafin manhajar murya.

Kafin ita ma akwai abin da ya fi arha: awon hawan jini. Kusan ɗaya cikin uku na manyan 'yan Nijeriya suna ɗauke da shi, kuma mafi yawansu ba sa shan magani. Tun 2020 aka fara wani shiri na daƙile hawan jini a cibiyoyin lafiya na matakin farko a jihohin Kano da Ogun, inda jami'an lafiya na unguwa ke awo su ba da magani bisa tsari mai sauƙi. Faɗaɗa irin wannan zuwa kowace mazaɓa, da auna kowace mai jego a ranar suna da ranar arba'in, zai ceci rayuka fiye da kowace manhaja da ke kasuwa a yau. Abin awon ba ya ɗaukar hankalin 'yan jarida, shi ke nan laifinsa.

Duk da haka ba na son mu naɗe hannu mu jira a kawo mana manhajar a kwali. Za a kawo ta, ko mun shirya ko ba mu shirya ba, kuma wasu za su fara tallata ta a rediyo kamar yadda ake tallata na'urorin nan da ake ɗora wa hannu a kasuwa su "gano" cuta arba'in. Murya kuma ba kamar awon nauyi ba ce. Tana bayyana wane ne mai ita, daga ina yake, har da halin da yake ciki. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma amincewar da aka rubuta da Ingilishi aka ce wa mace ta dangwala yatsa ba amincewa ba ce. Dole a gaya mata da Hausa inda muryarta za ta tafi, wa zai ji, kuma wa zai ci riba da ita.

Kano tana da duk abin da ake buƙata domin yin wannan aiki da kanta. Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala suna ganin masu wannan ciwo fiye da kusan kowane asibiti a duniya. Jami'ar Bayero tana da masana furucin Hausa da masana kwamfuta, kuma ayyuka irin su Common Voice da NaijaVoices sun nuna ana iya tattara sa'o'i masu yawa na muryar Hausa, sai dai tasu muryar masu lafiya ce, ba a haɗa ta da bayanin likita ba. Abin da ya rage shi ne a zauna tebur ɗaya. Masanin harshe ya tsara jimloli biyar ko shida, wasu cike da ɓ da ɗ da ƙ, wasu babu ko ɗaya, masu karin sautin da aka sani, waɗanda mace za ta iya maimaitawa ba tare da jin nauyi ba. A naɗi muryar majinyaciya ranar da aka kwantar da ita jiki cike da ruwa, a sake naɗa ranar sallama, a gwama da hoton zuciyarta. A yi da babbar waya a yi da ƙarama, a yi da damina a yi da hunturu. Sannan a fita daga birni, a je wurin awon ciki a Zakirai, a naɗi muryar mace tun tana wata bakwai, domin a sami abin da za a gwama da shi idan ta kira daga ɗakin jego.